Kalmar Sirrin Wayar Inna

Wayar Inna cikin talge ta faɗa. Ba rijiya ba, ba kwata ba, tukunyar talge tana tafasa. Inna ta saba soke wayar a ƙugu cikin naɗin zane, ran nan ta duƙa za ta tuƙa tuwo sai wayar ta riga muciya shiga. Kafin a tsamo ta da ludayi ta dahu luguf. Ƙanwata, autar gidanmu, ta wanke ta, ta binne ta cikin buhun gero kwana uku don an ce mata gero na tsotse ruwa. Da aka tono ta sai ƙamshin tuwo take yi, amma ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

Da wayar kaɗai aka rasa, da babu wanda zai sa abin a ka. To a cikinta hoton Baba yake, kuma shi ke nan hotonsa a duniya. Baba, Allah ya jiƙansa, bai yarda da hoto ba. Ba don wata hujjar malamai ba, cewa yake mutum yana nan da ransa me za a yi da kwafinsa. Na katin zaɓensa kuwa duhu ne kawai da hula a sama, kowane tsoho a Bukkuyum zai iya cewa shi ne. Wannan ɗaya da muke da shi Auta ce ta ɗauka a sace da wayar Inna, wata kaka, Baba ya ɗaga takalmi zai jefi akuyar maƙwabta da ta shiga tarin wakensa. Baki a buɗe, hula ta karkace, ƙafa ɗaya babu takalmi. Da ya ji labari ya rantse in hoton nan ya fita daga wayar sai ya saɓa wa kowa a gidan, shi ya sa ba a taɓa tura wa kowa ba. Bayan ya rasu ma babu wanda ya yi ƙarfin halin kwafa, don rantsuwar mamaci ta fi ta mai rai nauyi. Inna takan fito da wayar bayan sallar la'asar, ta kalli hoton, ta yi wa akuyar tsaki, ta mayar ƙugu.

Tun ranar talgen, in ta idar da la'asar sai ka ga hannunta ya tafi ƙugu ya dawo babu komai. Ba ta yi kuka ba, amma tuwonta ya fara saura a kwano. Auta ce ta kawo mana ɗan haske. Ta ce mai gyaran wayar da ya buɗe wa Inna asusu a kasuwa ya taɓa gaya mata duk hoton da aka ɗauka, wayar na aika kwafinsa can ma'ajiyar asusun. In aka samu sabuwar waya aka shiga asusun, Baba zai dawo har da akuyarsa.

Ni na sayo sabuwar wayar, kamar yadda na sayo ta farko. Amma ban miƙa wa Inna da hannuna ba, Auta na ba ta kai mata, kuma Auta ce ta sha albarka. Ni ne ɗan fari, kuma Inna irin iyayen da ne, ga jinin Fulani ta wajen uwa, kunyar ɗan fari a wurinta ba abin wasa ba ce. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son magana da ni, ga ni zaune a gabanta, sai ta juya wajen Auta ta ce, "Ce ma yayanki tuwo na cikin akushi." Kafin a haifi Auta kuwa da bango take magana, ko da kaji. Ina yaro matan unguwa na tsokanata da kunnuwana, don Allah ya hore mini su ba kaɗan ba, kowanne ya kama gabansa, iyakar abin da Inna ta taɓa cewa shi ne, "Allah ya yi su," ta ci gaba da shiƙa. Shekarar da na gama kwalejin horon malamai katin shaidata ya ɓace, na birkice gidan nan, na zargi Auta, na zargi ɓeraye, na ɗaga katifa na zazzage tukwane, Inna tana zaune tana tsince wake ko kai ba ta ɗaga ba. Na san al'ada ce, na san babu ƙiyayya a ciki, har a aji nakan yi wa yara bayaninta. Amma zan faɗi gaskiya, ga furfura a gemuna, abin yana ci mini rai har yau.

Wata Asabar da hantsi na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na sa tabarau, na ce wa Auta ta kawo wayar, aikin minti biyar ne. Malamin makaranta ne ni, na koya wa 'ya'yan mutane lissafi shekara da shekaru, waya ba za ta gagare ni ba. Na kunna ta, na shiga kasuwar manhajoji, wato rumfar nan ta cikin waya inda ake sauko da duk abin da ake amfani da shi. Wani ɗan zobe ya fito yana juyawa. Ya juya, ya juya, har Auta ta tashi ta ɗora ruwan zafi ta dawo yana juyawa. Can sai wayar ta ce an samu matsala, in sake gwadawa. Na sake, ta ce babu sabis. Na hau katangar bayan gida inda sabis ke sauka, na ɗaga hannu sama, maƙwabcinmu ya leƙo ya tambaye ni ko lafiya. A kan katangar ne wayar ta yarda ta gaya mini abin da take so, adireshin asusu da kalmar sirri.

Adireshin bai ba mu wahala ba. Mai gyaran ya rubuta shi da biro a jikin kwalin tsohuwar wayar, kwalin da yanzu Inna ke ajiye allura da zare a ciki. Kalmar sirrin ce babu. Na ce wa Auta ta tambayi Inna ko ta tuna.

Inna na bakin murhu tana fifita wuta. Ta ce, "Na san ta sarai."

Auta ta ce, "To mece ce, Inna?"

"Ba ni hwaɗi."

Muka kalli juna, ni da Auta, muka yi murmushin masu ilimi. Ai zancen a fili yake. Sunan da mace irin Inna ta sani sarai amma ba ta faɗa, sunan mijinta ne. Na buga sunan Baba. Wayar ta ce ba shi ba ne. Na sa Malam a gaba, ta ƙi. Na sa sunan mahaifinsa a baya, ta ƙi. Na sa masa Alhaji, ko da yake Allah bai nufe shi da zuwa Makka ba, na ce ko mai gyaran ya yi masa kara, nan ma ta ƙi. Na gwada laƙabin da abokansa ke kiransa da shi a majalisa, wanda ba ya so. A nan wayar ta fusata, ta ce na yi gwaji da yawa, in jira.

Da lokacin jiran ya wuce Auta ta canza dabara. Ta ce tunda Inna ba za ta faɗa ba, ita za ta dinga kawo sunaye, Inna ta ce i ko a'a. Ta fara da sunanta, tana gyara ɗankwali, don ta tabbata ita ce. Inna ta ce a'a. Fuskar Auta ta canza, amma ta daure. Ta jero sunayen ƙannena maza biyu, a'a. Jikoki ɗaya bayan ɗaya, a'a. Ƙanwar Inna da ke aure a Gummi, a'a. Har sunan saniyar da Inna ta gada daga uwarta, wadda aka yanka tun ina firamare, a'a.

Auta ta ce, "Saura na Yaya."

Na ce, "Ke, kar ma ki ɓata bakinki. Wanda ba a kiran sunansa ko don ya ci tuwo, shi za a sa a waya?"

Muka yi dariya mu biyu. Inna ta tashi ta ce awaki ba su sha ruwa ba, ta nufi bayan gida. Na ji haushin tashin nan nata ƙwarai, don a ganina muna fama da aikinta ita kuma awaki ne a gabanta.

Akwai wani wuri a wayar da aka tanada don masu mantuwa. Na danna shi da murna. Wayar ta ce ta aika lambar shiga zuwa layin da ya ƙare da bakwai da huɗu. Na duba layina, ba shi ba. Na Auta ba shi ba, na Inna ba shi ba, na marigayi ba shi ba. Sai Auta ta tuna yadda mai gyaran yake aiki. In ana buɗe asusu waya ta nemi layin da za a tura lamba, ba ya tsayawa ciro layin mai waya, sai ya ɗaga kai ya ce wa duk wanda ke tsaye kusa ya karanto nasa. Wato makullin hoton Baba yana aljihun wani bawan Allah da ya tsaya shan inuwa a rumfa wata ranar kasuwa, shekaru da suka wuce.

Ranar kasuwar Bukkuyum na tafi neman mai gyaran, wanda kowa ke kira Injiniya. Na tarar rumfarsa ta koma ta mai tsire. Mai tsiren ya ce Injiniya ya daɗe da kwashe kayansa, an ce ya bi masu haƙar zinari wajen Anka, an kuma ce Gummi ya koma, shi dai bai raka shi ba. Da na ba shi labarin layin sai ya ajiye wuƙa, ya ce wannan ai mai sauƙi ne, kasuwa ba ta canza mutanenta. Kafin in hana shi ya ɗaga murya yana tambayar wanda lambarsa ta ƙare da bakwai da huɗu.

Ban san mutane ba su san lambarsu ba sai ran nan. Kowa ya ciro waya yana kiran na kusa da shi don a karanto masa. Masu awon gero suka bar mudu, masu kabu-kabu suka kashe mashin. Wani tsoho ya ce tasa ta ƙare da huɗu da bakwai, ko za a iya juyawa. A ƙarshe aka samu mutum uku, wani mahauci, wani dillalin awaki, da wani Bafulatani da ya ce layin na wansa ne amma shi ke riƙe da shi. Na jera su a inuwa, na sa wayar ta sake aika lambar, muka zuba wa wayoyinsu ido. Ta mahaucin ta yi ƙara, kasuwa ta ɗauki kabbara, aka duba sai tallar waƙar kiran waya ce. Dillalin awakin ya ce tunda an ɓata masa lokaci sai in sayi tunkiya. Na koma gida da tsire a takarda da ciwon kai.

Sati na zagayowa na shiga bas zuwa Gummi. Injiniya ba ya can, amma an nuna mini wani mai gyara da aka ce babu wayar da ta taɓa fin ƙarfinsa. Shagonsa da gilashi, da fitila mai madubin ƙara girma, da kujerar zaman jira. Ya karɓi wayar da yatsa biyu. Abu na farko da ya gano ya kunyata ni. Ashe agogon wayar da kwanan watanta duk a karkace suke, tana zaune a wata shekara da ta wuce tun kafin a ƙera ta, shi ya sa kasuwar manhajojin ke ta juya zobe tana cewa an samu matsala. Ya ce, "Malam, kai da kake koyar da lissafi ba ka duba kwanan wata ba?" Na haɗiye wannan. Ya gyara, ya share tarkacen da ya ce kasuwar ta tara, ya kashe wayar ya kunna, ya sabunta abin da ke neman sabuntawa. Yanzu kasuwar na buɗewa fes, cikin ƙiftawar ido, ta tambaye ka kalmar sirri.

Na ce, "To ai nan muke tun farko."

Ya ce a yi mata filashin, wato a wanke ƙwaƙwalwarta tas. Na ce sabuwa ce, babu abin wankewa a ciki. Ya ce to a buɗe wa Hajiya sabon asusu, minti biyu ne. Na sake yi masa bayanin hoton, da takalmin, da akuyar. Ya saurara da kyau, ya ƙare mini kallo, sannan ya ce, "Kuna kama da marigayin?"

Na ce ana faɗa.

Ya ce, "To shi ke nan. Ka tsaya can ka ɗaga takalmi in ɗauke ka. In ƙara maka furfura, in sa maka tamoji, akuya kuwa ina da su kala-kala a kwamfuta. Kunnuwan ne kawai za su ɗan ci lokaci, sai an rage. Tsohuwa ce, idonta ba zai rabe ba."

Ban san sanda na miƙe ba. Na ce masa matar da ke gane ƙwayar tsakuwa ɗaya a cikin mudun wake ita ce ba za ta gane mijinta ba? Na ce masa kunnuwana ba su ci masa komai ba. Na faɗi wasu maganganun da bai kamata malamin makaranta ya faɗa a garin mutane ba, har mai shagon kusa ya shigo ba da haƙuri. Shi kuwa ko a jikinsa, ya ce in na huce tayin na nan. Alherin da ya yi mini ɗaya ne, ya ce Injiniya na Anka tabbas, yana cajin waya a bakin gari wajen masu niƙan dutse.

Na dawo gida na tarar da Inna ta rame a idona. Ranar na zauna a zaure na yi ta tunani, raina a ɓace. Ga mace tana son hoton mijinta har abinci ya fita ranta, ga kalmar a bakinta, amma ta gwammace in yi ta yawo a motocin haya ana yi mini tayin rage kunne. Ba ta iya rubutun boko ba balle ta rubuta, kuma ko raɗa ba za ta yi wa Auta ba, don abin da Auta ta ji da hantsi kafin azahar ya isa Gummi. Na ce a raina wannan zuwan na Anka shi ne na ƙarshe, in bai yi ba kowa ya haƙura.

Da safe ina ɗaura igiyar takalmi a tsakar gida, Inna na tankaɗe ta ba ni baya. Sai na ji ta ce, "Auta, ce ma yayanki in ya iske mai gyaran, ya tambaye shi abin da anka nuna mai."

Auta ta ce, "Mi anka nuna mai, Inna?"

Inna ta ci gaba da tankaɗe.

Rumfar Injiniya a Anka ta buhu ce da kara, janareta na kuka a bayanta, wayoyi sun fi a ƙirga jere a kan katako kowacce da igiyarta. Can gefe injinan niƙan dutsen zinari na ta tayar da ƙura. Tun abin da ƙurar dalma ta yi wa yaran ƙauyukan yankin nan, mai hankali ba ya shaƙarta da gangan, don haka tun daga tasha na naɗe kaina da mayani, hanci da baki da kunnuwa, ido kawai na bari. Injiniya gajere ne mai surutu, kowa kwastoma ne a bakinsa. Na miƙa masa kwalin, ya ga rubutunsa ya yi murna kamar ya ga ɗan'uwa.

Na tambaye shi layin bakwai da huɗu. Ya ce, "Kwastoma, wa ya sani? Wataƙila mai rake ne, wataƙila wani matafiyi." Ko kunya bai ji ba. Ya ma ƙara mini da bayanin tsarinsa, yana alfahari. Duk wanda ya buɗe wa asusu ranar ɗaya ga watan ɗaya aka haife shi, don kada a sha wahalar tunawa. Kalmar sirri kuwa suna yake tambaya, sunan da mutum ba zai taɓa mantawa ba, sai ya liƙa ɗaya biyu uku huɗu a baya. Ya ce mata yawanci sunan auta suke bayarwa ko na jika, maza kuwa nasu sunan, don ba su yarda da kowa ba.

Na ce duk mun gwada sunayen nan, amma ba da lambobin ba. Ke nan sai an sake bin sunayen tun daga Baba har saniya. Sai na tuna saƙon Inna. Na ce, "Tsohuwar ta ce in tambaye ka abin da aka nuna maka."

Ya sosa ƙeya. Can sai ya buga cinya. "Tsohuwa mai daddawa, doguwa, ba ta kallon mutum in tana magana?"

Na ce ita ce.

Ya ce, "Ai ba ni mance ta. Na ce Inna ba ni suna, ta yi shiru. Na ce sunan maigida, ta kau da kai. Layi ya taru a bayanta, mutane na ta tsaki, ita ko tana tsaye kamar an dasa ta. Can sai ta juya ta ba jama'a baya, ta jawo wata 'yar jaka daga wuyanta, ta kwance ƙulli ya kai uku, ta hiddo wani tsohon kati na makaranta. Ta ɗora babban yatsa ta rufe hoton, ta nuna mini sunan da ke ƙasa. Ko uffan ba ta ce ba. Na kwafa, ta mayar, ta ƙulle."

Na ce, "Wane suna ne?" Muryata ta fito wata iri a cikin mayanin.

Ya ce, "Haba kwastoma, sunaye nawa na buga tun daga ran nan? Sunan ya tahi. Abin da ban mance ba kunnuwan ne." Ya fara dariya tun kafin ya ƙarasa. "Ta rufe fuskar da yatsa, amma kunnuwan sun ƙi ɓuya. Ɗaya ya leƙo ta nan, ɗaya ta nan. Wallahi sai da na ciji leɓe. Ka koma gida ka nemo mai kunnuwan nan, sunansa ne."

Masu jiran caji biyu da ke zaune a benci suka taya shi dariya. Ni ban yi ba. Na tsaya ina kallon igiyoyin cajin, ina ganin Inna zaune tana tsince wake ranar da nake zazzage tukwane ina zagin ɓeraye. Na sa hannu na warware mayanin a hankali.

Injiniya ya dube ni, dariyar ta tsaya. Ya dubi dama, ya dubi hagu. Ya ce, "La ilaha illallahu. Kai ne." Sai kuma dariyar ta dawo masa fiye da da, har ya dafa katakon wayoyin.

Na rubuta sunana sau dubbai a duniya, a allo, a rajista, a takardun jarrabawar yara, amma bai taɓa yi mini wuyar rubutawa ba sai ran nan. Na kuskure harafi sau biyu. Na liƙa ɗaya biyu uku huɗu a baya, na danna. Wayar da ta yi sati biyu tana yi mini tambayoyi ko gardama ba ta yi ba, ta buɗe. Injiniya ya karɓa ya shiga kasuwar manhajojin, ya sauko da ta hotuna, muka zauna jira, don sabis ɗin wurin sai an yi masa haƙuri.

Hotunan suka fara sauka ɗaya ɗaya. Babban yatsan Inna ya fi kowa yawa, sai azarar ɗakinta, sai ƙasa, sai rabin kan wata jika. Can sai ga Baba, takalmi a sama, baki a buɗe, hula a karkace. Na yi dariya, sai na ji hawaye na bin gemuna, a gaban mutanen da ban sani ba, kuma ban damu ba. Ɗaya daga cikin masu jiran cajin, baƙo ne daga jin Hausarsa, ya leƙo ya kalla. Ya ce, "Allah ya jiƙan tsoho. Ya samu akuyar?"

Na ce bai same ta ba.

Na isa gida ana kiran la'asar. Na jira Inna ta idar, na ba Auta wayar, Auta ta miƙa mata. Ta riƙe ta da hannu biyu, ta daɗe tana kallo. Sannan ta yi wa akuyar tsaki, dogo, irin wanda aka tara tun ranar talge. Ta ce wa Auta ta duba ko akwai sauran tuwon rana.

Tun a hanya wayar ke ta turo mini gargaɗi cewa kalmar sirrin ba ta da ƙarfi, ya kamata a canza. Na zauna a bakin tabarma, Inna na gabana, na rasa yadda zan yi in dube ta. Sai na ji kaina na juya wajen Auta na ce, "Ce ma Inna wayar ta ce kalmar ba ta da ƙarfi, kowa na iya gano ta. In tana so a canza mata wata."

Inna ba ta ɗaga kai daga hoton ba. Ta ce, "Ce mai masu boko biyu sun yi sati biyu ba su gano ta ba. A bar ta yadda take."

Aka bar ta. Ban tambayi katina ba, kuma ba zan tambaya ba, ina dai ganin igiyar jakar a wuyanta in ta duƙa tuƙa tuwo. Wayar yanzu Auta ta ɗinka mata aljihu mai zip, saboda talge. Auta kuwa har yau ba ta haƙura ba. Duk sanda na shigo gidan sai ta tare ni a zaure, ta ce don Allah Yaya sunan wa Inna ta sa, ita dai ta san ba nata ba ne kuma abin na damunta. Nakan ce mata na san shi sarai, ba ni hwaɗi.